Koya Wa Yara Sha'anin Rana Da Duniyoyin Da Ke Kewaya Ta

Akwai wani kuka da malaman makarantun firamare da iyayen yara suka yawaita kawowa game da darasin nan na rana da duniyoyin da ke kewaya ta, kuma ko da yake kowa da irin lafazin da yake furta shi, in aka tattara maganganun aka tace su, sai a tarar mas'ala guda ce. Yaro ya haddace sunayen duniyoyi takwas daga ta fari har ta ƙarshe, yana jero su ba tuntuɓe, ya ci jarrabawa an yaba masa, amma in aka fito da shi tsakar gida bayan Magariba, aka nuna masa tauraruwar nan mai tsananin haske da ke yamma aka ce ya faɗi ko mece ce, sai ya yi tsuru-tsuru, bai san ita ce ta biyu cikin jerin da ya karanta da safe ba. Wasu iyayen kuwa damuwarsu ta fi wannan nauyi, domin ɗansu ya komo gida a ruɗe, an gaya masa a aji ƙasa ce ke juyawa, alhali shi kullum rana yake gani tana ɓullowa gabas tana faɗuwa yamma, sa'an nan ga shi yana jin wasu manya suna cewa wannan karatu ya saɓa wa addini.

Laifin dai ba na yaron ba ne, kuma galibi ba ƙarancin himmar malami ba ne; tartibin karantarwar ne aka kifar, aka fara daga inda ya kamata a ƙare. Bil'adama sun yi dubban shekaru suna duban sama, suna auna inuwa, suna ƙidayar kwanakin wata, kafin hankali ya kai su ga gane cewa rana ce a tsakiya, mu kuwa muna so ɗan shekara bakwai ya haɗiye ƙarshen wannan dogon bincike cikin minti arba'in, a cikin aji mai rufi, da tsakar rana lokacin da ba a ganin tauraro ko ɗaya, kuma cikin harshen da bai gama ji ba. Daɗin daɗawa, zanen da ke cikin littafinsa, wanda ya jera duniyoyi a kan layi ɗaya kowace dab da 'yar'uwarta, zane ne da aka matse domin ya shiga shafi, kuma abin da yake cusa wa yaro game da girma da nisa ba gaskiya ba ne ko kusa. Magani shi ne a koma ga ƙa'idar da Bahaushe ya riga ya sani, cewa gani ya kori ji: yaro ya fara gani da idonsa, ya auna da hannunsa, ya yi tambaya da harshen da ya tashi da shi, sa'an nan a ba shi suna da bayani.

Mafarin wannan ilmi a wurin ɗan shekara biyar ko shida inuwa ce. A sami sanda miƙaƙƙiya a kafa ta a tsakar gida ko filin makaranta, inda rana ke bugawa tun safe har yamma, a bar yaron da kansa ya ɗora tsakuwa a bakin inuwar da hantsi, ya ɗora wata da walaha, wata da tsakar rana, wata da La'asar, har ya ga cewa da safe inuwa doguwa ce ta miƙe yamma, tana gajarta sannu a hankali har ta kai matuƙar gajartarta, sa'an nan ta karkata gabas ta fara tsawo. Wannan karkata ita ce zawali, wanda malaman fiƙihu suka sanya alamar shigar Azahar, kamar yadda suka sanya daidaituwar abu da inuwarsa, bayan an cire inuwar zawali, alamar shigar La'asar. Duk wanda ya karanta babin lokutan salla a Risala ya san da haka ladanai suka tsare lokaci a ƙasar nan tun agogo bai zo ba. In kuma aka bar sandar inda take aka ci gaba da dubawa wata da watanni, yaro zai ga wani abin mamaki, domin a Kano da garuruwan da ke daura da ita inuwar tsakar rana arewa take kwantawa mafi yawan shekara, amma wajen ƙarshen Afrilu sai ta shige gindin sandar ta ɓace, daga nan ta koma kudu har wajen ƙarshen Agusta, inda za ta sake ɓacewa ta komo arewa.

Daga inuwa sai a shiga mas'alar dare da rana, kuma a nan ne ake bukatar haƙuri, domin abin da za a gaya wa yaro ya saɓa wa shaidar idonsa, saboda haka yaron da ya yi gardama a wannan wuri yabo ya cancanta, ba tsawa ba. Hujjar da ta fi kusa da shi ita ce wadda yake gani a watan azumi: ana nuna Masallacin Harami a talabijin mutane sun sha ruwa sun tayar da Magariba, mu kuwa nan ba a daɗe da idar da La'asar ba, domin Makka ta riga mu da awa biyu, ko a cikin Nijeriya ma mutanen Maiduguri kan riga na Sakkwato shan ruwa da kimanin rabin awa. A tambaye shi, rana dai guda ce, to, yaya aka yi ta faɗi a can alhali tana nan sama a wurinmu? A bar shi ya yi ta lalube, kada a yi masa gaggawar amsa. Bayan haka a shiga ɗaki a rufe taga, a kunna tocila a ajiye ta wuri ɗaya, a ɗauko lemo a ɗiga masa alama biyu da biro, ɗaya garinsu ɗaya Makka a gabas da shi, a riƙa juya lemon daga yamma zuwa gabas, har ya ga alamar Makka ta shiga duhu alhali ta garinsu tana cikin haske. Tambayar da ke biye da wannan, kuma ba ta fashi, ita ce don me ba ma jin juyawar. Amsa kuwa ita ce tafiyar ba ta da gargada ba ta da tsayawa, mu da gidajenmu da iskar da muke shaƙa duk tare ake tafiya da mu, kamar wanda ke zaune cikin mota a kan lafiyayyen titi, yana ganin itatuwa na gudu baya alhali shi ne ke yin gaba.

Sandar nan tana da wani amfani da nake so kowane uba ya gwada tare da 'ya'yansa. Sau biyu a shekara rana kan daidaita a bisa Ka'aba, watau 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya da Nijar, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan minti duk wanda ya fuskanci wajen da rana take ya fuskanci alƙibla, inuwar sanda kuwa ta miƙe ta ba alƙibla baya. Yaron da aka bari ya ja layi a ƙasa bisa wannan inuwa, ya je ya gwada shi da inda ake shimfiɗa darduma a ɗakin mahaifiyarsa, ba zai ƙara ɗaukar ilmin falaki baƙon abu ba.

Babu abin da ya kai wata sauƙin karantarwa a ƙasar Hausa, domin yaranmu sun riga sun saba da shi, sun yi wasa a farinsa, sun ga yadda gari ke dakon sanarwar Sarkin Musulmi in Sha'aban ya kai 29. A ba yaro tsohon littafin rubutu, ranar da aka ga jinjirin wata ya tsaya a wuri ɗaya bayan Magariba, ya zana katanga ko bishiyar da ke gabansa, ya zana watan a inda ya gan shi kuma da siffar da ya gan shi, ya rubuta kwanan wata. Gobe ya komo wurin nan a wannan lokaci ya sake, haka har kwana goma sha huɗu. Zai tarar jinjirin da ya fara gani ƙasa-ƙasa a yamma yana hawa yana cika kowane dare, wajen dare na bakwai ya zama rabi yana bisa kai, daren sha huɗu kuwa ya cika taf yana ɓullowa gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa, daga nan kuma ya daina samunsa da Magariba, domin kullum fitowarsa na jinkirta da kimanin minti 50, har a kai ga ganinsa da safe a hanyar makaranta. Abin da za a jawo hankalinsa a kai shi ne gefen wata mai haske kullum yana kallon inda rana take. In ya lura da wannan da kansa, to, ya kama bakin zaren, domin ya gane wata ba shi da hasken kansa, aro yake yi daga rana.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa a nan, har a tsakanin manya masu karatu, shi ne zaton inuwar ƙasa ce ke rufe wata ta mai da shi jinjiri ko rabi. Ba haka ba ne. Rabin jikin wata kullum a haske yake, rabi a duhu, sai dai gwargwadon inda ya kai a kewayensa muke hango kaɗan ko da yawa na ɓangaren mai hasken. A koma ɗakin nan mai duhu, wani ya riƙe tocila daga nesa, yaron ya soke lemo da tsinke ya miƙa hannu ya ɗaga shi ɗan sama da kansa, a ce masa tocila ita ce rana, lemo shi ne wata, kansa kuwa shi ne ƙasa. In ya fuskanci tocilar, gefen lemon da ke kallonsa duhu ne, wannan shi ne ƙarshen wata; in ya ɗan juya hagu, sai siririn haske ya bayyana a gefen dama, ga jinjiri ke nan; in ya ƙara, rabi; in ya ba tocila baya, lemon ya haskaka gaba ɗaya, daren sha huɗu ya yi. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wata ke yin 29 ko 30, shekarar wata ta zama kwana 354, ta gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, kuma saboda wannan giɓi ne azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu zuwa damina, ya komo inda ya tashi cikin kimanin shekara 33.

Sai yaro ya zauna daram a kan waɗannan, wajen shekara takwas ko tara, sa'an nan a kawo maganar duniyoyi, kuma ko a nan da sama za a fara, ba da allo ba. Biyar daga cikinsu ana ganinsu da ido ba tare da wata na'ura ba, kuma malamanmu na zaure sun san su da sunayensu tun da daɗewa: Uɗaridu, da Zuhura, da Mirriku, da Mushtari, da Zuhalu, waɗanda littafin boko ke kira Mercury da Venus da Mars da Jupiter da Saturn. Alamarsu ita ce haskensu a tsaye yake, ba ya ƙyalƙyali irin na sauran taurari, kuma in aka bi su makonni za a ga suna sauya mazauni a tsakanin taurarin da ke kewaye da su. Zuhura ta fi duka haske, ita ce Zara da muke gani da yamma, kuma ita ce dai Gamzaki da ke fitowa da asuba, domin watanni takan yi tana bin rana a baya sa'an nan ta koma tana yi mata gaba. Mirriku jaja-jaja take. Mushtari kuwa in aka sami madubin hangen nesa, ko ƙarami, aka dafa shi a kan katanga don kada hannu ya yi rawa, ana iya hango 'yan ɗigon haske a gefenta, watau watanninta huɗu da Galileo ya gani a 1610. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, bayan hadari ya janye kafin hazo ya sauka, kuma yaron karkara a nan ya fi na birni sa'a, domin fitilun gari na disashe sama. Akwai manhajar waya irin su Stellarium da ke nuna wace duniya ce ke sama a daren da ake ciki. Babba ya duba ta tun da rana ya san inda zai nuna, amma in an fita a mai da wayar aljihu.

Darasin da na fi ba muhimmanci duka shi ne na girma da nisa, domin shi kaɗai ke goge ɓarnar zanen littafi, kuma ba ya cin kuɗi. A ɗauki ƙwallon ƙafa a ajiye a ƙarshen filin makaranta a ce ita ce rana. Tun da faɗin rana ya ninka na duniyarmu sau 109, to, bisa wannan ma'auni duniyarmu ƙwayar gero ce. A manna ta a kan farin kwali don kada ta ɓata, a ba yaro ɗaya ya riƙe, ya yi tafiyar mita 24 daga ƙwallon ya tsaya, wannan tazara ita ce kilomita miliyan 150 da haske ke ratsawa cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Tsakaninsa da ƙwallon yara biyu ne: mai riƙe da Uɗaridu, ƙwayar acca, a mita 9, da mai riƙe da Zuhura, wata ƙwayar geron, a mita 17. Bayansa a mita 36 ga Mirriku, ita ma ba ta wuce ƙwayar acca ba. Daga nan fa sai tafiya ta miƙe, domin mai ɗauke da Mushtari, wadda ta fi duka girma amma a nan ɗan kanya ce, sai ya fita daga filin ƙwallon gaba ɗaya ya tsaya a mita 123. Zuhalu, 'yar kurna, a mita 225. Yuranus, ƙwayar wake, a mita 450. Neftun, wata ƙwayar waken, ta haura mita 700, inda ko kiran yaron aka yi ba zai ji ba. In babu abin awo, babban takin baligi ya kusa mita ɗaya, ya wadatar. A bar ajin duka su taka wannan tafiya da ƙafafunsu, su waiwayo daga wurin Mushtari su ga yadda ƙwallon ta ƙanƙance, sa'an nan a gaya musu cewa wata, bisa wannan ma'auni, santimita 6 ne kacal tsakaninsa da ƙwayar geron nan, kuma nan ne iyakar inda ƙafar ɗan Adam ta taɓa kaiwa, tsakanin 1969 da 1972. Tauraro mafi kusa da rana kuwa sai an yi tafiyar da ta haura kilomita 6,000 kafin a ajiye tasa ƙwallon, alhali tsakanin Kano da Makka bai kai kilomita 4,000 ba. Ban san wani darasi da ke sa yaro yin shiru yana tunanin girman halitta kamar wannan ba.

Bayan wannan tafiya ne sunaye da labarai ke samun wurin zama a ƙwaƙwalwa, kuma kaɗan masu daɗi sun fi tari marasa kan gado. A gaya masa shekarar Uɗaridu kwana 88 ce, ta Mushtari ta kusa shekara 12 irin tamu, ta Neftun 165; a gaya masa Zuhura ta fi Uɗaridu zafi duk da ta fi ta nisa da rana, domin iska mai kauri ta lulluɓe ta ba ta barin zafi ya fita. A ba shi labarin Zagami ta ƙasar Katsina, inda a watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da wani manomi a gonarsa, daga baya masana suka tabbatar daga Mirriku ya taso. Malami kuma ya kula da tsofaffin littattafai masu cewa duniyoyi tara ne, domin tun 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta mai da Fuluto cikin ajin ƙananan duniyoyi, saura takwas. Kada a soke amsar yaron da ya faɗi daidai saboda littafin da ke hannun malami ya tsufa. Amma mas'alar sauyin yanayi daga bazara zuwa damina zuwa hunturu, shawarata a jinkirta ta har yaro ya kai goma, domin tana rataye ne da karkatar ƙasa da daraja 23 da rabi, abu ne mai wuyar sawwalawa. Abin da kawai za a kiyaye shi ne kada a ce masa zafi na zuwa ne don mun matsa kusa da rana, gama lokacin da muka fi kusa da ita farkon Janairu ne, muna tsakiyar sanyin hunturu.

Sauran magana ita ce ta addini, kuma ita ta fi kowace bukatar taka-tsantsan, domin zuciyar yaro ba ta ɗaukar a sanya shi alƙali tsakanin malaminsa na safe da malaminsa na yamma. Kada malamin boko ya yi izgili da abin da aka karantar a Islamiyya, kada kuma uba ya ce wa ɗansa ya rubuta don jarrabawa amma kada ya gaskata, domin wannan koya masa fuska biyu ne tun yana ƙarami. Tafsirin ayoyi a bar wa ma'abotansa. Abin da ke wuyan mai karantarwa shi ne ya sanar da yaro tarihi yadda yake, cewa Halifa Ma'amun na Bagadaza wajen shekarar 830 ya tura masana suka auna ƙasa domin sanin kewayenta, cewa Biruni bayansa ya sake aunawa ta hanyar hisabi daga kan dutse, cewa Ibn Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya tabbatar ƙasa mulmulalliya ce, kuma cewa malamanmu da manomanmu sun daɗe suna lissafin shekara da manazili 28, irin su Surayya, wadda muke kira Kaza da 'Ya'yanta, da Dabaran da Zira'a da Jabha. In yaro ya ce an gaya masa rana tafiya take, a ce masa gaskiya ne, domin masana falaki sun tabbatar tana juyawa a kan kanta, kuma tana gudu ɗauke da duniyoyinta cikin wani kewaye da ke cin fiye da shekara miliyan 200. A kuma rarrabe masa tun da wuri tsakanin ilmin falaki, wanda lissafin tafiyar halittu ne da kowa ke iya jarrabawa, da duba, wanda da'awar sanin gaibu ce da sunan taurari. Inda tambayarsa ta fi ƙarfin mai amsa, kuma lalle za ta fi, to, faɗin ban sani ba, mu bincika tare, ba ya rage darajar malami. An san Imamu Malik da yawan faɗin haka, girmansa bai ragu ba.

Husufi shi ne inda amfanin wannan karatu ke bayyana ƙarara, shi ne kuma inda rashinsa ke yin illa. Da lemon nan da tocilar nan ake bayyana shi: in yaro ya ba tocila baya ya sauke lemon har ya shiga inuwar kansa, husufin wata ke nan, shi ya sa ba ya aukuwa sai a tsakiyar wata, in ya fuskanci tocilar ya sa lemon ya kare masa ita, husufin rana ke nan, shi ya sa ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata, dalilin da ya sa ba a yi kowane wata kuwa shi ne hanyar wata ta ɗan karkace da daraja 5, galibi yakan wuce ta sama ko ta ƙasa. Mun tashi mun tarar ana cewa rana ta kama wata, yara na zagaya gari suna kaɗa gwangwanaye, kuma a Janairun 2001 husufin wata ya zama sanadin tarzoma da ƙone-ƙone a Maiduguri, alhali kuwa tun ranar da aka yi husufin rana a Madina, ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka hana danganta husufi da mutuwar wani ko haihuwarsa, aka umarci mutane da salla da addu'a. Yaron da ya san sababin abu ya fi samun natsuwar tsayawa sallar husufi da tadabburi a kan wanda tsoro ya cika wa ciki.

Gargaɗi ɗaya ne ba ya karɓar sassauci: kada a bar yaro ya ƙura wa rana ido, da husufi ko babu husufi, domin tana ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba, kuma abin da ya ƙone ba lalle ya warke ba. Baƙin tabarau ba ya karewa, gilashin da aka turara da hayaƙi ba ya karewa, duba ta cikin ruwan kwano ba ya karewa, madubin hangen nesa kuwa ya fi duka hatsari. Hanya mai aminci ita ce yaro ya ba rana baya, ya riƙe kwali da aka huda da allura, haske ya ratsa hudar ya sauka a kan farar takarda da ke nesa da kimanin mita ɗaya, can zai ga hoton rana ɗan ƙarami yana cinyewa ta gefe. Ko kuwa ya duba ƙasa a gindin darbejiya, inda hasken da ke ratsa ganye zai rikiɗe ya zama ɗaruruwan 'yan jinjiraye. Waɗanda ke Gusau da Katsina da safiyar 29 ga Maris 2006 sun ga yadda gari ya yi duhu da hantsi, a ranar da minti da masu hisabi suka faɗa tun shekaru kafin nan. Da wannan hisabin ne aka san cewa ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 cikakken husufin rana zai ratsa arewacin Afirka ya bi ta Masar har Jidda da Makka, mu nan za mu ga gefenta kawai ya cinye in hadari bai rufe ba, kuma ranar 20 ga Maris 2034 cikakken zai sake ratsa Nijeriya ya wuce Kamaru da Chadi da Sudan. Na farkon galibi zai tarar da makarantu suna hutu, saboda haka nauyinsa na kan iyaye da limamai da malaman Islamiyya. Ina roƙonsu su rubuta waɗannan ranaku biyu su ajiye, su sanar da yara tun kafin lokacin ya zo, su kuma koya musu huda kwalin nan da hannunsu.